Kafin Alƙali Ya Yanke Hukunci, Yaran Za Su Kwana a Ina?

  

Masu sauraro, yau maganar yara za mu yi. Yaran da aure ya mutu ya bari a tsakiya. Ba za mu shiga batun wa ya yi laifi ba. Tambayarmu guda ɗaya ce. Daga ranar da aka rabu, zuwa ranar da za a cimma matsaya, yaran a hannun wa za su zauna? Wa zai ciyar da su? Wa zai kai su makaranta? Idan zazzaɓi ya tashi cikin dare, wa zai nemi magani?

Wannan shi ake kira riƙon wucin gadi. Wato riƙo na ɗan lokaci, kafin hukunci na ƙarshe. Ku riƙe wannan suna, za mu yi ta maimaita shi.

Ga yadda za mu bi maganar. Za mu fara da abin da ke faruwa a gidajenmu. Sai mu ji abin da Musulunci ya tanada. Sai dokar ƙasa. Daga nan mu taka zuwa zauren sulhu da kotu, ƙafa da ƙafa.

To, mu fara daga gida.

A ce bayan sallar isha'i ne. An miƙa wa mace takardarta. Ta ɗaure kayanta a zane, ta saɓa goyo. Ɗan shekara huɗu ya riƙe mata gefen hijabi. 'Yar babbar, wadda ke aji uku na firamare, tana tsaye a bakin ƙofa da takalmi ƙafa ɗaya. A zaure uwar miji ta tare hanya. Ta ce, “Ki tafi da na goye. Waɗannan biyun namu ne. Idan kin yaye wancan ma, a dawo mana da shi.” Matar ba ta ce uffan ba. Kunya ta hana ta, kuka ya toshe mata murya. A ranta tana cewa, bari ƙura ta lafa, zan dawo in ɗauke su.

Wata uku suka wuce. Yarinyar ta daina zuwa makaranta, an ɗora mata farantin talla. Yaron ya koma fitsarin kwance, abin da ya daina tun bara. Ba wanda ya zauna ya yanke shawarar haka. Haka kawai abin ya kasance, don ba wanda ya tsara komai.

Akwai kuma ta ɗaya gefen. Uwa ta je Islamiyya tun ba a tashi ba, ta kwashe yara, ta hau mota zuwa wani gari, ta kashe waya. Uba ya yi ta yawo gidajen dangi kamar zai zauce. Akwai ta uku, wadda ta fi yawa. Uba ya ce, “Kwashe 'ya'yanki ku tafi.” Daga ranar ko ƙwayar hatsi bai sake aikawa ba.

Ba saki ne kaɗai ke kawo wannan ba. Akwai mai dogon yaji. Akwai wadda miji ya tafi ya bari, ba aure ba saki. Akwai wadda ta kai ƙarar neman hul'i, wato ta fanshi kanta, shari'a tana ta jan ƙafa. Duk waɗannan suna cikin maganarmu.

Me ya sa nake matsa wa waɗannan 'yan watanni na farko? Dalili biyu ne. Na farko, a cikinsu yaro ya fi cutuwa. Na biyu, kuma ku saurara da kyau: abin da aka fara da sunan “kafin a gani” shi ne yakan zama dindindin. Yaron da ya shekara a wuri ɗaya, ya saba da makaranta, ya yi abokai, alƙali ba ya gaggawar tumɓuke shi. Saboda haka wanda ya yi sakaci da riƙon wucin gadi, sau da yawa ya yi sakaci da riƙon gaba ɗaya.

Riƙon wucin gadi kamar rumfa ce da ake kafawa idan damina ta rushe ɗaki. Ba ita ce gidan ba. Amma ba a cewa yara su kwana a ruwa sai an gama sabon gini.

Yanzu mu shiga kashi na biyu. Me Musulunci ya ce?

A littattafan fiƙihu ana kiran riƙon yaro hadana. Hadana ita ce reno da kulawa: wanka, abinci, wurin kwana, jinya, tarbiyyar yau da kullum. Kotunan Shari'a a ƙasarmu mazhabar Malikiyya suke bi. Littattafan da alƙalai ke dubawa sanannu ne, irin su Risala, da Muktasar na Shehu Halilu, da Tuhfa. Kuma duk bakinsu ɗaya a kan wannan: idan aure ya rabu, uwa ce ta fi cancanta da riƙon ɗanta.

Har zuwa yaushe? Ɗa namiji, har ya balaga. 'Ya mace, har ta yi aure ta tare. Zan sake faɗa, don na san wasu sun ɗauka kuskuren ji suka yi. Namiji har ya balaga. Mace har ta yi aure ta tare. Ba ranar yaye ba. Maganar “da an yaye a kawo mana” al'ada ce. Ba hukuncin Malikiyya ba ne.

Ku ji wani labari da Imamu Malik ya kawo a cikin Muwaɗɗa. Sayyidina Umar ɗan Haɗɗabi, Allah ya ƙara masa yarda, ya rabu da wata matarsa mutuniyar Madina, uwar ɗansa Asim. Wata rana ya je Ƙuba, ya tarar da yaron yana wasa a harabar masallaci. Ya kama hannunsa, ya ɗora shi a gabansa a kan abin hawa. Kakar yaron ta wajen uwa ta cim masa, ta ce ba ta yarda ba. Suka tafi gaban Halifa Abubakar. Abubakar ya yanke hukunci a sakar mata yaron. Umar kuwa bai yi musu ba.

Jama'a, ku dubi wannan. Umar ne fa. Mutumin da manyan maza ke shakka. Ya yi abin da iyaye maza da yawa ke yi a yau, ya ga ɗansa ya ɗauke. Amma da hukunci ya zo, ya saki. Kai da kake cewa ba wanda ya isa ya raba ka da ɗanka, ka fi Umar ne?

To idan uwa ba za ta iya ba fa? Ko ta rasu, ko ta yi wani aure? Nan ma ba kai tsaye ake miƙa wa uba ba. Akwai jeri. Bayan uwa, sai kaka ta wajen uwa. Ana bin dangin uwa mata, har da inna, wato yaya ko ƙanwar uwa. Sannan a zo kan kaka ta wajen uba, sannan uba. Hikimar a fili take. Ƙaramin yaro hannun mace mai tausayinsa yake buƙata. Ko da riƙon ya zo kan uba, sai an tabbatar akwai macen da za ta kula da yaron a gidansa.

Amma ke ma uwa, ba a ba ki riƙon nan haka kawai ba. Akwai sharuɗɗa. Hankali. Amana. Ƙarfin kula da yaro. Wurin zama mai tsaro. Rashin wata cuta mai tsanani da za ta shafi yaron. Wadda za ta kulle yara a ɗaki ta tafi yawonta, ko mai shaye-shaye, alƙali na iya karɓewa ya ba na gaba a jeri. Haka idan kika auri wani wanda ba muharramin yaron ba, kuka tare, riƙon yakan koma ga mahaifiyarki ko wanda ke biye. Ƙaura zuwa gari mai nisa ma tana da nata hukuncin, don haka kada ki tashi da yara sai kin tambaya.

Ga wani gargaɗi da ya shafi batunmu kai tsaye. 'Yan'uwa mata, ku matso kusa da rediyo. A sanannen zance na Malikiyya, wadda ta sarayar da riƙo da kanta, ba tare da wani uzuri ba, ba lalle ya dawo mata ba idan ta canza shawara. Amma wadda uzuri ya hana, kamar rashin lafiya, idan uzurin ya gushe haƙƙinta yana dawowa. Kin ga bambancin? Saboda haka idan dole ta sa kika fita kika bar yara, kada ki yi shiru. Ki faɗa a gaban shaidu: “Ban bar riƙon 'ya'yana ba. Hana ni aka yi.” Ko kuma: “Na bar su ne zuwa in warke.” Ki faɗa wa waliyyinki. Ki faɗa wa mai unguwa. Shirun da kike yi don kunya, gobe za a iya fassara shi da cewa kin yafe.

Haka kuma wajen hul'i. Wani mijin yakan ce, “Zan sake ki, amma ki sa hannu kin bar min yara.” Ke kuma kin gaji, so kike ki tsira. Kada ki dangwala yatsa a takardar da ba a karanta miki ba. Ki nemi a yi maganar a gaban alƙali.

Yanzu iyaye maza, ga taku. Riƙo yana hannun uwa, amma ciyarwa tana wuyanka. Abinci, sutura, magani, wurin kwana, gwargwadon ƙarfinka. Saki bai sauke maka wannan ba. Alƙur'ani, a cikin Suratul Baƙara, ya ambaci shayarwa ta shekara biyu cikakku, ya kuma ɗora ɗawainiya a kan uba. Suratuɗ Ɗalaƙ ta yi umarni a ciyar da mai ciki har ta haihu, kuma a biya wadda aka saka ladan shayarwa. Kai ne kuma waliyyi. Kana da ta cewa a karatun yaron da tarbiyyarsa. Kana da haƙƙin ganinsa. Ba a kore ka ba, raba aiki aka yi.

Bari in ɗan ratse, don abin yana ci mini tuwo a ƙwarya. Musulunci ya riga ya yi mana tanadin lokacin wucin gadi, mu ne muka watsar. Ita ce idda. Wadda aka yi wa saki ɗaya ko biyu, a ɗakinta aka ce ta yi idda, mijin yana ciyar da ita. Ba a ce a kore ta ba, ba a ce ta fita ba. Da muna bin wannan, da yara sun samu kusan wata uku a gidansu, a makarantarsu, a gaban uwa da uba, manya kuma su zauna su tsara abin da zai biyo baya. Amma ina! Takarda da safe, a-kori-kura da yamma.

Mu je kashi na uku, dokar ƙasa. Wannan ya shafi kowa, musamman 'yan'uwanmu Kirista da waɗanda suka yi auren rajista.

Wanda ya yi auren rajista, dokar shari'o'in aure ta 1970 ce ke kansa, kuma babbar kotun jiha ce ke sauraron ƙararsa. Sashe na 71 na dokar ya ce wajen yanke riƙo, maslahar yaran ce a gaba da komai. Dokar ta kuma ba kotu damar yanke kuɗin ciyarwa tun shari'a tana gudana. Wanda ya yi auren gargajiya, akwai kotun gargajiya ko kotun yanki, gwargwadon jiharsa.

Sai dokar kare haƙƙin yara ta 2003. Sashenta na farko ya kafa ƙa'ida ɗaya: a duk abin da ya shafi yaro, abin da ya fi masa alheri shi ne kan gaba. Sashe na 69 ya ba uwa ko uba, kowannensu, damar neman kotu ta yanke riƙo da ziyara. Dokar ta tanadi kotun iyali. Tana aiki kai tsaye a Abuja, jihohi kuma kowace takan yi tata. Kaduna ta yi a 2018, Kano ta yi a 2023.

Me alƙali ke dubawa? Shekarun yaro. Wa ke kula da shi tun da can. Makarantarsa. Lafiyarsa. Inda zai kwana. Halin iyayen. Idan yaron ya yi wayo, ana iya jin ta bakinsa. Ku lura, ban ce wanda ya fi kuɗi ba. Kotun Ƙoli, a wata shari'a ta 1992, ta nuna cewa ƙaramin yaro ana ɗaukar ya fi samun natsuwa a wurin uwarsa, sai idan an kawo hujjar da ta nuna akasin haka. Kun ga a nan dokar ƙasa da fiƙihu sun haɗu a hanya.

Yanzu kashi na huɗu, wanda ya fi tsawo. An rabu jiya. Yau me za a yi?

Matakin farko, sulhu. Kuma a yi shi cikin mako na farko, kada a jira wata. A tara waliyyan ɓangare biyu. A kira liman ko mai unguwa, ko fasto da dattawan coci. A jihohin da ke da Hisbah, kamar Kano, tana zaman sasanta ma'aurata. Ofishin jin daɗin jama'a na ƙaramar hukuma shi ma yana yi.

A zaman nan, a ajiye maganar wa ya zagi wa. Tambayoyi kaɗan za a amsa. Yaran a ina za su kwana? Nawa uba zai riƙa bayarwa, kuma ranar nawa ga wata? Ta hannun wa? Wa zai biya kuɗin makaranta? Idan ciwo ya zo, wa za a kira? Wace rana ɗayan zai ga yaran, a ina, wa zai kawo su, wa zai mayar? Hutun makaranta fa? Sallah ko Kirsimeti fa? Sannan, yaushe za a sake zama a duba?

A rubuta. Ina roƙonku, a rubuta. Ko a takardar littafin makaranta ce. A sa kwanan wata, kowa ya sa hannu, shaidu su sa hannu, kowa ya riƙe tasa, a ɗauki hotonta a waya. Kada a ce, “Haba, ai mu 'yan'uwa ne.” Yau ana 'yan'uwa. Ranar da uba ya yi sabon aure, ko uwa ta samu manemi, kowa zai tuna maganar yadda ta yi masa daɗi. A kuma rubuta a fili cewa wannan tsari na wucin gadi ne, ba wanda ya sarayar da haƙƙinsa. Idan da hali, a kai takardar kotu, alƙali ya tabbatar da ita. Sulhun da kotu ta tabbatar ya zama hukunci, wanda ya karya zai amsa tambaya.

Idan sulhu ya ƙi fa? Sai kotu. Kuma zuwa kotu ba tonon asiri ba ne. Kakar Asim ma gaban hukuma ta je.

A kotun Shari'a hanyar ba ta da wuya. Za ki je wurin rajistara, ki faɗi ƙararki. Za a rubuta, a biya kuɗin shigar da ƙara, ki karɓi rasit. Za a aika wa ɗayan sammaci. Ba dole sai da lauya ba, kina iya magana da bakinki. Ga inda mutane da yawa ke yin sakaci. Suna shigar da babbar ƙara, su manta da ta yau. Ranar zaman farko, ki buɗe baki ki ce: “Allah ya gafarta Malam, ina roƙon kotu ta faɗi inda yaran nan za su zauna, da abin da za su ci, kafin a gama shari'a.” Wannan roƙon shi ne neman umarnin wucin gadi. Idan ba ki roƙa ba, ana iya ɗage zama sau uku, sau huɗu, yara suna nan inda suke.

A babbar kotu ko kotun iyali, da takarda ake yi. Lauya zai shigar da buƙata, ya haɗa da takardar rantsuwa. Takardar rantsuwa ita ce bayaninka a rubuce, wanda ka rantse gaskiya ne. Idan akwai haɗari na gaggawa, misali ana shirin tsallake iyaka da yaro, ko ana dukansa, kotu na iya jin ɓangare ɗaya ta ba da umarni na 'yan kwanaki, sannan ta kira ɗayan ya kare kansa. Alƙali na iya tura jami'in jin daɗin jama'a ya je ya ga gidajen biyu, ya kawo rahoto. Idan ya zo, kada a yi masa wasan kwaikwayo. A bar shi ya ga gaskiya.

Me za a riƙe a hannu? Takardar haihuwar yaro, wadda Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ke bayarwa. Katin riga-kafi da katin asibiti. Sakamakon jarrabawa da rasit na makaranta. Takardar saki, in akwai. Saƙonnin waya da shaidar tura kuɗi. Sai shaidu waɗanda suka gani da idonsu: malamin aji, maƙwabciya, malamin Islamiyya. Kai uba da ke cewa kana ciyarwa, rasit ɗinka shi ne bakinka. Ke uwa da ke cewa ke ce mai jinya, katin asibiti zai yi miki magana.

A gaban alƙali, a yi maganar yaro. Wanda ya ɓata lokacinsa yana zagin tsohuwar matarsa, alƙali yana auna shi ne shi ma. Faɗi inda yaron zai kwana. Faɗi nisan makaranta. Faɗi wanda zai zauna da shi idan ka fita nema. Kuma kada a yi ƙazafi. Wasu sukan jefi uwar 'ya'yansu da mummunar magana don su ci shari'a. Wannan zunubi ne, laifi ne a kotu, kuma yaron zai girma ya ji.

Ba ni da kuɗin lauya fa? Akwai inda za a dosa. Hukumar ba da agajin shari'a ta ƙasa, wadda aka kafa a 1976, tana da ofisoshi a jihohi domin marasa ƙarfi. Akwai ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA. Akwai Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan'adam ta Ƙasa. Akwai ma'aikatar harkokin mata ta jiha. Maza ma suna iya zuwa neman shawara. Idan kuma hukunci bai gamsar ba, akwai ɗaukaka ƙara, daga ƙaramar kotun Shari'a zuwa babba, har zuwa Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a ta jiha. Sai dai ɗaukaka ƙara tana da wa'adi, a tambayi rajistara tun ranar hukunci.

Wata magana a kan 'yan sanda. Ofishin 'yan sanda ba kotu ba ne. Ba su ke yanke wa zai riƙe yaro ba. Aikinsu ya shigo idan akwai duka, ko barazana ga rai, ko an ɓatar da yaro. Idan haka ta faru, a je wurinsu, a je asibiti a karɓi rahoton likita, a kai yaro inda yake da tsaro, sannan a sanar da kotu nan take. Wadda ta gudu da 'ya'yanta don tsira daga duka ba ta yi laifi ba. Amma ta yi maza ta kai maganar gaban hukuma, kada a riga ta a ce sace su ta yi.

Ga abin da ba a yi, ko da kana ganin kai ke da gaskiya. Ba a zuwa makaranta a ɗauke yaro a ɓoye. Ba a tura ƙattai su ƙwato shi. Ba a tura shi wani gari da sunan karatun allo don kawai uwarsa ta rasa inda yake. Na faɗi wannan na ƙarshen da nauyin zuciya, domin yana faruwa. Yaro ɗan shekara shida ya tashi a garin da bai san kowa ba, ba don neman ilimi ba, don a ƙuntata wa wata. Wanda ya yi haka ya ji tsoron Allah.

To, a ce an samu umarnin. Alƙali ya ce yara su zauna wurin uwa, uba ya riƙa ba da kaza duk wata, ya ɗauke su ranar Asabar ya mayar da yamma. An gama ke nan? A'a. Yanzu aka fara.

Ki karɓi kwafin umarnin a rubuce. Ki kai ɗaya makarantar yaran, don su san wanda aka yarda ya ɗauke su. Ranar Asabar ki yi musu wanka, ki sa musu kaya masu kyau, ki miƙa su da sakin fuska. Ko bai kawo kuɗin wata ba, kada ki hana shi ganinsu. Ki koma kotu ki faɗa, kotu ta san yadda za ta karɓa. Kai kuma, ko ta ɓata maka rai, kada ka riƙe kuɗin abinci. Ba ita kake horarwa ba, cikin ɗanka kake horarwa. Kuma ka mayar da su a kan lokaci. Alƙali yana lura da wanda ya kiyaye umarnin wucin gadi, kuma hakan yana da nauyi ranar hukuncin ƙarshe.

Kada a mayar da yaro ɗan aike. “Je ka gaya wa ubanka.” “Me uwarka take cewa a kaina?” “Wa ke zuwa gidan?” Ku bar wannan. Kada a tsayar da shi a ce ya zaɓa, Umma ko Abba. Ku gaya masa magana mai sauƙi, daidai hankalinsa: ba laifinka ba ne, za ka zauna a nan, za ka riƙa ganin Abba ranar kaza. Yaro yana iya jure rabuwar iyaye idan ya san inda zai kwana gobe.

Kakanni, Hajiya da Alhaji, ku ma da ku nake. Sau da yawa ba ma'auratan ne ke hura wutar ba, ku ne. Ku ne kuma kuka fi kowa iya kashe ta. Idan ɗanku ya zo da zafin kai, ku zaunar da shi. Jikan nan naku ne ko a wane gida ya kwana. Ba wanda zai canza masa uba.

Masu sauraro, lokaci ya yi mana halinsa. Idan a gidanku ko a maƙwabtanku akwai auren da ya mutu cikin 'yan kwanakin nan, kuma har yanzu ba a zauna an tsara maganar yara ba, kada a bari wannan makon ya wuce. Gobe da safe a kira waliyyai. A nemo takarda da biro. Idan an ƙi zama, a tafi wurin rajistara a roƙi umarnin wucin gadi. Allah ya raya mana zuri'a, ya shirya tsakaninmu.